Ƙofar da Ta Fara Nauyi

Wanda ya saba sammako a Treichville ya san ƙarar da nake nufi. Kafin ƙarfe bakwai, daga Rue 12 har gindin babbar kasuwa, sai ka ji ƙofofin ƙarfe suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙarrr, ƙarrr, kamar ana yage yadi mai kauri. Mu da muka daɗe a nan, kunnenmu ya koyi bambance su. Akwai wadda ke tashi da sauti guda har ta kai sama. Akwai wadda ke cijewa a tsakiya, sai an sassauta an sake ɗagawa. Akwai kuma wadda sai yara biyu sun sa kafaɗa, na uku ya turo katako ya tokare ta. Wannan ta ukun ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin galibi ku ne a ƙarƙashinta, ku ƙannenmu da 'ya'yanmu da kuka zo daga Maraɗi da Tawa da Kano da Sakkwato, maigida ya danƙa muku makulli ya ce ku buɗe kafin ya iso.

A nan Abidjan rido ake ce mata, ƙofar nan mai naɗewa sama kamar tabarma. Ita ce a bakin magaza a Adjamé, ita ce a shagunan Boulevard Nangui Abrogoua, ita ce kuma a garejin gidaje da yawa a Marcory da Koumassi. Duk abin da zan faɗa a kan ta shago ya hau kan ta gareji, don ciki ɗaya suka fito.

Ku fara sanin cewa ƙarfe ba ya tsufa a nan kamar yadda yake tsufa a gida. A Katsina ko Damagaram maƙiyin ƙofa ƙura ce. In ka share ka shafa mai, ta kai ka shekaru. Treichville kuwa a kan tsibiri take, wanda ruwan Ébrié ya kewaye, kuma tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 ruwan teku ke shigowa yana gauraya da shi. Iskar da kuke shaƙa da safe tana ɗauke da gishiri da laima. Ruwan saman da ke zuba a garin nan a shekara ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu, kuma a watan Yuni kwata kan cika ta tumbatsa har ruwa ya kwanta a bakin shago. Shi ya sa tsatsa ke fara cin ƙofa daga ƙasa, daga wurin da ruwa ke kwana, alhali samanta na nan fes. Mai shago ya duba sama ya ce ƙofarsa sabuwa ce. Ƙasan ne ya kamata ya durƙusa ya duba.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Ƙofar nan ba hannunku ke ɗaga ta ba. Ridon da ya kai mita uku tsawo, mita uku faɗi, nauyinsa na iya kusantar kilo 100, wato buhu biyu na siminti, mai kaurin ƙarfe ma ya wuce haka. To yaya yaro ɗan shekara goma sha biyar ke cilla ta sama da hannu ɗaya? Amsar tana cikin akwatin da ke bisa kanku. A ciki akwai bututun ƙarfe kwance, an ɗaure bakinsa biyu a jikin bango. A jikin bututun akwai wasu gwangwanaye masu juyawa, biyu ko uku ko fiye, kowanne da ƙarfe mai faɗi a naɗe a cikinsa kamar gammo. Shi ne masu gyara a nan ke kira rasor, mutanen Najeriya su ce sifirin. Duk lokacin da kuka ja ƙofa ƙasa, kuna ƙara murɗe shi ne, yana tara ƙarfi. Da safe, ƙarfin da ya kwana da shi ne ke ɗaga ta, ku kuna yi masa jagora kawai.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Idan ƙofa tana rufe, shiru, kamar ba abin da zai faru, a lokacin ne rasor ya fi cika da ƙarfi. Idan kuma tana sama, nauyinta duka na rataye ne daidai inda kai da wuyan mai shiga ke wucewa. Ba wani hali da za a ce ba haɗari a cikin akwatin nan. Wanda ya kwance notin da ke riƙe da bututun ba tare da an kashe ƙarfin rasor ba, bututun zai juya da saurin da ido ba ya bi, ya fizge sifana daga hannunsa, ya tafi da yatsu ko haƙora. Wanda ya raba ƙofar da gwangwanayen tana ƙasa, su ma haka za su ɓalle. Bakin ƙarfen rasor kuwa, in ya tsinke, kaifi ne da shi kamar wuƙar mahauci.

Na ga wannan da idona, kuma har yau ban daina jin ciwonsa ba. Wani yaro ne maƙwabcina, ɗan kirki, mai zuciyar nema, bai fi wata takwas da zuwa ba. Ƙofarsu ta yi sati tana nauyi. Ya ji tsoron ya faɗa wa maigidansa, kada a ce shi ya lalata, sai ya ari tsani da sifana ya hau bayan an tashi kasuwa. Ƙarar da muka ji kamar an harba bindiga. Allah Ya kiyaye ransa, amma yatsu biyu na hannunsa na dama ba su sake lanƙwasa ba, kuma abin da aka kashe a asibiti ya ninka kuɗin gyaran sau da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na yi sati ina jin kukan ƙofar nan ban ce komai ba. Na ɗauka ba hurumina ba ne.

Saboda haka ku koyi sauraron ƙofarku, ku kuma koyi gwada ta. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. Ku tabbata ba kowa a ƙasa, ku ɗaga ta zuwa wajen rabi, ku sassauta hannu a hankali ba tare da kun sake gaba ɗaya ba, ƙafafunku kuma a baya. Lafiyayyar ƙofa takan tsaya kusa da inda aka bar ta, ko ta motsa sannu-sannu. Wadda ke neman kufcewa ƙasa, rasor ɗinta ya gaji ko ɗaya ya tsinke. Wadda ke fizgar hannu sama, an murɗe ta fiye da kima. Idan gefe ɗaya na riga ɗaya tashi, ko kun ji ƙara mai ƙarfi daga akwatin sannan washegari ƙofa ta yi nauyi, ba sauran tambaya. Ku bar ta a ƙasa in hali ya yi, ku kira mai gyara. Katakon da ake tokarawa kuwa, ku sani ƙafar mai tura amalanke ɗaya ta isa ta ture shi, kuma yaran masu saye sun fi kowa son tsayawa a bakin ƙofa.

Ba ina cewa ku naɗe hannu ba ne. Akwai aikin da yake naku, kuma shi ne ke hana babban kashe kuɗi. Hanyoyin nan biyu na gefe da ƙofa ke bi, waɗanda ake kira kulis, su ne rabin matsalar kowace ƙofa. Yashi na shiga, ɓawon gyaɗa na shiga, leda da marfin kwalba na maƙalewa. Ku sami tsohon buroshi da tsumma ku share su tas daga sama har ƙasa, ko sau ɗaya a wata, da damina kuma fiye da haka. Bayan an share ne ake shafa giris, shi ma kaɗan, shafe ɗaya siriri. Na san al'adar da aka saba: a je wurin bakanike a roƙo baƙin man da aka juye daga mota a tuttula. Kwana biyu ƙofa za ta yi santsi, daga nan man ya kama yashi ya zama kamar sanfefa yana cin ƙarfe, ga shi yana ɗiga kan atamfa da shadda. Ku sayi ɗan gwangwanin giris; zai kai ku shekara.

Ku duba kusoshin da ke riƙe kulis a bango. Idan sun fara motsi ko simintin gefensu na zuba, wannan gyara ne mai sauƙi yau, mai tsada gobe. Ku duba makulli, ku share ramin da harshensa ke shiga. Inda tsatsa ta fara ja-ja a faifan ƙasa, ku goge da buroshin waya, ku shafa fentin hana tsatsa, ya bushe, sannan ku bi da fentin mai. Ku yi shi da rani, tsakanin Disamba da Maris, don fenti ba ya kama ƙarfe mai laima. Ku sa safar hannu, domin gefen faifai na yanka. Kuma don Allah ku daina sakin ƙofa ta daki ƙasa da dare, ku daina cilla ta sama har ta buga. Rasor ƙidayar hawa da sauka gare shi. Kowane duka na rage masa kwana.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: abin da hannunku ke kaiwa kuna tsaye a ƙasa, mafi yawansa naku ne. Abin da ke cikin akwatin sama na mai sana'a ne.

To, sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce ke hana maigida motsi. Yawancin ƙofofin da ake cewa sun mutu ba su mutu ba. Rido ba faranti ɗaya ba ne, faifai ne jere, kowanne ya sarƙe da na kusa da shi, kuma ana zare su ta gefe. Idan mota ta ja da baya ta lotsa guda huɗu, ko ɓarayi sun sa ƙarfe sun ɓanɓare na ƙasa, ko tsatsa ta huda biyar na ƙarshe, waɗannan kaɗai za a canja. Ƙarfen ƙasa mai kauri da ke ɗauke da makulli shi ma ana canja shi shi kaɗai. Sai dai faifan ba duk iri ɗaya ba ne. Lanƙwasar bakinsu na bambanta daga maƙera zuwa maƙera. Wanda zai tsallaka gada ya je Adjamé neman faifai, ya tafi da guntun tsohon a hannu, ya gwada sarƙa su a gaban mai sayarwa, kada ya biya kuɗin mota sau biyu. Faifan hannu, in ba tsatsa kuma miƙe yake, ba laifi a saye shi.

Rasor kam ban yarda da na hannu ba. Ido ba ya ganin gajiyar ƙarfe. Wanda aka ciro daga wata ƙofa ya riga ya ci wani ɓangare na ransa, kuma ba wanda zai iya gaya maka nawa ya rage. Haka nan in ɗaya ya tsinke, ku roƙi maigida a canja su duka, don rana ɗaya aka sa su, aiki ɗaya suka yi. Na biyun yana kan hanya, kuma kuɗin hawa da saukewa sau biyu ya fi kuɗin rasor ɗaya. Faɗinsa da kaurinsa kuma dole su dace da nauyin ƙofar da tsawonta. Mai gyaran da bai auna ƙofa ba ya ce yana da rasor a jaka, ku yi hattara da shi. Araha ba ta ado.

Mai gyara na gari ana gane shi tun kafin ya taɓa ƙarfe. Yakan zo da abokin aiki, don ba a sauke rido da mutum ɗaya. Yakan kori mutane daga bakin shago. Yakan ɗaure ko ya soke gwangwanayen kafin ya kwance komai. Ku tambayi maƙwabta wa ya yi musu, kuma ƙofar ta yi wata nawa ba ta sake ciwo ba; a kasuwa irin tamu labarin mai aikin kirki ba ya ɓuya. Ku ji bakin mutum biyu ko uku kafin a yanke. A rubuta a takarda: kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, da alkawarin zai dawo in ta sake cijewa cikin lokacin da kuka yarda. A ba da kafin alƙalami gwargwadon kuɗin kaya, cikon sai an gwada ƙofa a gabanku sau da yawa. Tsofaffin kayan da aka cire a bar muku su, ku gani da ido. Kuma in an yi aiki mai kyau a biya shi ba ja-in-ja. Mutumin da ya sa hannunsa inda ku aka hana ku sawa, haƙƙinsa ba abin wasa ba ne. Idan shagon haya ne, a sanar da mai shago ko ofishin kasuwa tun farko, a san wa zai biya me, kada gyaran ƙofa ya koma shari'a.

Walda ita ce inda nake so ku taurare, ko da za a ce kun cika tsanani. Tsofaffinmu ba su manta da gobarar 1997 ba, wadda ta cinye babbar kasuwar Treichville, mutane suka yi shekaru suna kasa kaya a wuraren wucin gadi kafin a sake gina ta. Wanda ya ga dukiyar shekara ashirin ta zama toka a yini ɗaya ba ya raina tartsatsi. Tartsatsin walda da na injin yankan ƙarfe na tashi mita da yawa, ya faɗa bayan kwali ko cikin dilar gwanjo, ya yi ta ci a ɓoye har bayan kowa ya tafi gida. In abin da za a gyara ana iya cire shi, a kai shi waje a yi. In dole sai a wurin, a nemi izinin masu kula da kasuwa, a kwashe yadi da leda da turare da man shafawa, a jiƙa buhu a rufe abin da ba ya ɗaukuwa, a ajiye tukunyar kashe wuta da bokitin yashi kusa. Kada a bari a saƙala injin walda a siririyar wayar shago. Bayan an gama, ɗayanku ya zauna aƙalla awa guda yana dubawa yana shinshinawa kafin a kulle. Kada ku tsaya kallon hasken; da dare ne ido zai kama zafi kamar an zuba masa yashi. Farin hayaƙin da ke tashi daga ƙarfe mai rufin tutiya kuma yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, ku tsaya ta inda iska ke fitowa. Lambar 'yan kwana-kwana a ƙasar nan 180 ce, ku sa ta a waya yau.

Masu ƙofar lantarki, nasu gajere ne. A kashe wuta daga tushe kafin a taɓa komai. Injin da ke gurnani ba ya juyawa, sau da yawa ɗan ƙaramin abin ajiyar wutarsa ne ya mutu, kondansatar, ba injin duka ba; a sa mai lantarki ya gwada kafin a yarda da sayen sabo, kuma shi kaɗai ya taɓa kondansatar, don yana riƙe wuta ko bayan an kashe. Injin da ke wahala wajen ɗagawa kuwa, a duba rasor tukuna. Wayar nan da ake ja don a buɗe da hannu in an ɗauke wuta, kada a ja ta ƙofa tana sama alhali ana zargin rasor, don birkin injin ne kaɗai ke riƙe da ita.

Da yawanku kuma gadi kuke yi a gidaje, ko kuna wanke mota, inda ƙofar gareji mai turawa ce a kan tayoyi. Ita rasor ba ta da shi, amma tana iya kashe yara. Abu biyu ke hana ta faɗuwa: ɗan ƙarfen da ke tsayar da ita a ƙarshen layinta, da maƙalin sama da take wucewa ta cikinsa. In tsatsa ta ci ɗayansu, ranar da aka tura ta da ƙarfi za ta wuce iyaka ta kwanta gaba ɗayanta. Ku duba su, ku share layin ƙasa, ku hana yaran gida hawa kanta. In taya ta fita daga layi kada mutum ɗaya ya ce zai mayar.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Na san wasunku a shago kuke kwana, saboda haya a Abidjan ba ta da sauƙi, kuma sabon zuwa ba shi da zaɓi. Ban zarge ku ba. Da yawa daga cikin manyan da kuke gani yau a kan tabarmar shago suka fara. Amma ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce, ita ma sai mutum biyu sun ɗaga, ba wurin kwana ba ne. Kada ku yarda a kulle ku da kwaɗo daga waje, komai amincin mai kullewar. Makulli ya kwana inda hannu zai same shi a cikin duhu. Ku gwada da kanku: za ka iya buɗe ta kai kaɗai, daga ciki, ba fitila? In amsar a'a ce, wannan ba gyaran da za a jira ƙarshen wata ba ne.

Saura yadda za ku faɗa wa maigida, don na san nan ne kunya da tsoro ke ɗaure harshe. Kada ku tare shi a gaban masu saye, kada kuma ku bari sai ransa ya ɓaci da wani abu. Ku bari ya zauna, an gaisa, an yi lissafin jiya. Sannan ka ce: "Alhaji, don Allah in ka samu sarari ka zo ka taɓa ƙofar nan da hannunka. Tun ranar Talata ta canja, jiya sai da muka haɗu mu biyu." Ka ambaci ranar, ka ambaci ƙarar da ka ji, ka bar shi ya ɗaga da kansa. Yawancin iyayen gida ba mugunta ke sa su shiru ba, rabonsu da buɗe shago da hannunsu ne ya daɗe. In ya ce a bari sai an samu ciniki, ka ce to, amma ka roƙi izinin a riƙa ɗaga ta ku biyu, a hana kowa tsayawa ƙarƙashinta, washegari kuma ka sake tuna masa. In ka ga abin ya ƙi, ka je wurin dattijon garinku da ke kasuwar, wanda maigidan ke jin nauyinsa, ka ce: "Baba, ka taimaka ka yi wa Alhaji magana a kan ƙofarmu." Ni dai wanda ya zo mini da wannan, zan tashi in bi shi mu je tare.